Danna jijiya mutum na kwance, anya zai dawo masa da tafiya?

Ummu Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka, dan Allah masana lafiya na cikinmu ina neman shawara. Mahaifinmu ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama, yanzu an doshi rabin shekara kenan. Alhamdulillah magana ta dawo sosai kuma yana miƙewa tsaye in an kama shi har ya ɗan taka da sanda, amma ƙafar ja take yi, yatsun suna kartar ƙasa, gwiwar kuma wani lokacin sai ta sandare ta ƙi lanƙwasuwa. To mai yi masa gashi ya zo mana da wata hanya wai sunanta Vojta, sai ya kwantar da shi rigingine ko ta gefe ya danna wani waje a haƙarƙarinsa ya riƙe, ko ya danna diddige, wai jikin ne da kansa zai tuno tafiya. Ni dai da idona na ga numfashin Baba yana canzawa in ana yi, cikinsa ya ɗaure, ƙafar ta ɗan motsa ba shi ya motsa ta ba. Yayanmu kuma ya ce ɓata lokaci ne, mutumin da ake so ya yi tafiya ya za a yi ta kwantar da shi. Har mun fara samun saɓani a kai. Mu ci gaba ko mu dakata?

Abban Walid:
Wa alaikumussalam. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke. Bari masu ilimin su zo.

Nura Fisiyo:
Amin. Hajiya abin da kika gani gaskiya ne ba idonki ba ne, kuma ba sabon abu ba ne. Václav Vojta likitan ƙwaƙwalwa da jijiya ne ɗan Cekoslobakiya, an haife shi 1917 ya rasu 2000. A shekarun 1950 yana aiki da yaran da lalurar ƙwaƙwalwa ta sandarar musu da gaɓoɓi sai ya lura in ya sa yaro a wani yanayi na kwanciya ya danna wasu wurare ya hana shi juyawa, jikin yaron yana mayar da martani iri ɗaya kullum, tsokokin da ba sa aiki su fara aiki, kuma bayan an gama sandarewar takan ragu na wani lokaci. A 1968 ya bar ƙasarsa ya koma Jamus, ya yi aiki a Kolon daga baya Munik, daga can abin ya bazu, sannan aka fara gwada shi a manya.

Kwanciya uku ake amfani da ita, rub da ciki, rigingine, da ta gefe. Wuraren dannawa guda 10 ne a jiki, akwai na tsakanin haƙarƙari a ƙasan nono wanda shi kika gani, akwai diddige, gefen gwiwa, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙashin ƙugu da sauransu. Motsi biyu ake nema, na jan ciki da na mirginawa, kuma duk abin da tafiya ke buƙata yana cikinsu, wato gangar jiki ta riƙe kanta, nauyi ya sauka a wani sashe, wani sashen ya ɗaga ya yi gaba. Mai gashin ba ya barin motsin ya kammala, tare shi yake yi don tsokokin su ci gaba da aiki. Ba a cewa mara lafiya yi kaza, shi ya sa yake da amfani ga wanda bai iya ba ƙafarsa umarni ba tukuna. Ni ina amfani da shi kuma ina ganin canji musamman a zama da riƙe gangar jiki.

Anti Bilki:
Nura ɗana tarihin da ka kawo daidai ne ban da ja a kai. Inda zan ja shi ne tambayar Ummu Haidar ba zama ba ce, tafiya ce. Na daɗe a aikin nan, lokacin da muka yi karatu kusan duk abin da aka koya mana a kan shanyewar jiki irin wannan tunanin ne. Akwai na Berta Bobath da mijinta Karel da suka fara a Landan a shekarun 1940, su danne martanin da ya yi yawa suke so su yi. Akwai na Signe Brunnstrom ita kuma cewa ta yi a yi amfani da shi a farkon warkewa. Akwai Margaret Rood mai goga fata da buroshi da ƙanƙara da bubbuga tsoka. Akwai na Herman Kabat da Margaret Knott wanda suka fara da masu shan inna, a ja tsoka da sauri ta zabura sannan mutum ya ɗora nasa ƙoƙarin. Duk mutanen kirki ne masu lura, kuma har yau hannuna yana amfani da abubuwan da na koya daga cikinsu. Amma da aka zo aka riƙa raba marasa lafiya gida biyu ana gwadawa, ba a ga waɗannan hanyoyin sun fi a tsayar da mutum ya yi ta maimaita ainihin abin da ake so ya iya ba. Ka'idojin kula da masu shanyewar jiki da Birtaniya ta fitar a 2023 maimaita aikin kansa suka fifita, kuma suka ce wanda zai iya a ba shi awa 3 a rana kwana 5 a sati. To ka duba mutumin da ake zuwa masa na ɗan lokaci, in aka cinye lokacin yana kwance yaushe ya taka?

Nura Fisiyo:
Anti ai akwai gwaji a kan manya, wanda aka yi a Frankfurt aka buga a 2020, mutum 40 masu sabuwar shanyewar jiki, waɗanda aka yi wa Vojta sun fi samun riƙe gangar jiki a kan waɗanda aka yi wa gashin da aka saba.

Anti Bilki:
Na san shi. Mutum 40 ne, an ɗauke su cikin kwana uku na farko suna kan gadon asibiti, abin da aka fi aunawa shi ne juyawa da tashi zaune da zama, kuma su kansu masu binciken gwajin share fage suka kira shi. Yana da kyau, ya nuna abin ya cancanci a bi shi da babban bincike. Amma Baban Ummu Haidar ya wuce wannan matakin, shi yana tsaye da sanda.

Maman Ihsan:
Ni dai ba likita ba ce amma 'yata an yi mata Vojta tun tana jaririya, ni aka koya wa nake mata a gida sau da yawa a rana tana kuka ina kuka, kuma Alhamdulillah ta zauna ta yi rarrafe yanzu tana takawa. Dan haka in na ji ana cewa ba ya aiki raina ba ya min daɗi wlh.

Anti Bilki:
Maman Ihsan Allah ya raya ta ya ƙara mata lafiya, ba wanda zai raina wahalar da kika sha. Ban ce ba ya aiki ba. Jaririn da bai taɓa tafiya ba ƙwaƙwalwarsa tana kan ginuwa, daban yake da dattijon da ya yi shekara sittin ko saba'in yana tafiya sannan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwarsa. Shi ya sa ba na ɗaukar sakamakon wannan in ɗora wa wancan.

Kamal ɗalibi:
Malamaina ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren da muke karantawa yanzu, saboda ina ganin kowa a cikinku akwai inda yake da gaskiya. Tafiya ba duka daga ƙwaƙwalwa take saukowa ba, a cikin laka akwai tarin jijiyoyi da suka san tsarin ɗaga wannan ajiye wancan. Charles Sherrington a farkon ƙarni na 20 ya yi aiki sosai a kan martanin laka, wato motsin da jiki ke yi da kansa ba tare da mutum ya yi niyya ba, sai Thomas Graham Brown a 1911 ya nuna a jikin kyanwa cewa ko an raba lakar da ƙwaƙwalwa an kuma yanke jijiyoyin da ke kawo saƙo daga ƙafa, lakar tana iya fitar da tsarin taku da kanta. A 1987 kuma Barbeau da Rossignol a Kanada suka ɗora kyanwoyin da aka yanke wa laka a kan injin tafiya ana tallafe da bayansu, da horo ƙafafun bayan suka koma takawa. Ko jariri sabon haihuwa in ka tsayar da shi tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa zai riƙa taku, sai wajen wata biyu abin ya ɓace. Kenan Malam Nura yana da gaskiya akwai abu ajiye a jiki wanda za a iya tasa. Amma ku lura da me aka tashe shi a kyanwar, da taku ne, nauyi a kan tafin ƙafa da miƙewar cinya ta baya. Miƙewar cinyar da raguwar nauyin a kan ƙafar su ne saƙon da lakar take jira kafin ta ce ɗaga ƙafa, kuma a tsaye ake samunsu.

Anti Bilki:
Allah ya yi maka albarka Kamal. Ƙarashen labarin ma yana da muhimmanci. Daga kyanwoyin nan aka ɗauko rataye mutum da ɗamara a saman injin tafiya mutum biyu ko uku suna motsa masa ƙafa, kowa ya ɗauka an gama. Sai aka yi babban gwaji a Amurka aka buga a 2011, mutum 408 masu shanyewar jiki. Wasu aka sa su a injin a wata na biyu, wasu a wata na shida, wasu kuma mai gashi ya riƙa zuwa gida yana ba su atisayen ƙarfi da na tsayuwa. Bayan shekara ɗaya kashi 52 cikin ɗari sun ƙaru a tafiya, kuma babu wani bambancin a zo a gani tsakanin rukunan uku. Abu biyu nake so Ummu Haidar ta ɗauka a nan, na farko rashin babban inji ba zai hana Baba samun sauƙi ba, na biyu waɗanda aka fara wa a wata na shida su ma sun ƙaru, kar wani ya ce muku lokaci ya ƙure. Gaskiya ne an fi samun saurin warkewa a wata uku na farko amma ƙofa ba ta rufewa.

Tijjani:
Salam. Ni ne yayan da ake magana. Ba wai ina raina mai gashin ba ne, mutum ne mai haƙuri da Baba. Abin da ke damuna shi ne kafin a fara wannan ana fita da Baba tsakar gida yana takawa har ya yi gumi, yanzu kuma rabin lokacin ko fiye yana kwance ana danna shi, in an gama ya gaji sai barci. Sannan ni tambayata, ƙafar nan fa matsalarta ai zabura ce ta yi mata yawa, ko zanin gado ya taɓa tafin sai ta miƙe, in ya dafa ƙasa da yatsu sai ta kama karkarwa. Wanda abin ya yi masa yawa ya za a ƙara tsokano shi?

Dakta Hauwa:
Malam Tijjani tambayarka tana kan hanya. A lafiyayyen jiki ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da linzamin martanin laka, in tsoka ta miƙe da sauri laka ta ce ta dawo, ƙwaƙwalwa kuma ta ce iya nan ya isa. Irin wanda muke gwadawa da 'yar guduma a gwiwa. In shanyewar jiki ta lalata hanyar da ke saukowa sai martanin ya wuce gona da iri, shi ne sandarewar da kuke gani, kuma da saurin motsi take ƙaruwa, in ka ja ƙafar a hankali za ta biyo ka in ka fizga ta ƙage. Karkarwar kuma tsokar sha-raɓa ce ke zabura tana saki tana zabura. To wannan daban yake da tsarin motsin da masu Vojta ke nema, su gaba ɗayan jiki suke so ya amsa a tare, kuma da yawa sukan ga sandarewar ta lafa bayan an yi, sai dai lafawar ba lallai ta daɗe ba. In ta lafa wannan lokacin ne ya kamata a tashe shi ya taka, ba a bar shi ya yi barci ba.

Abu ɗaya kuma da mutane ba sa so su ji, wani lokacin sandarewar gwiwar ita ke tsayar da mutum, tsokar cinyar ba ta da ƙarfi sai taurin ya riƙe shi. Shi ya sa ba ma gaggawar ba da maganin saki irin baclofen da yawa, sai ka ga an saki ƙafar mutum ya kasa tsayuwa gaba ɗaya ga barci da kasala. In tsoka ɗaya ce ke hana ruwa gudu kamar sha-raɓa akan yi mata allurar botulinum ita kaɗai, tana aiki kamar wata uku, kuma a cikin watannin ake matsa atisaye. Sannan duk ranar da kuka ga sandarewar ta ƙaru lokaci ɗaya ku duba ko akwai ciwon fitsari, ko bayan gida ya ƙi fita, ko gyambon kwanciya, ko farce ya shige nama, waɗannan suna tayar da ita.

Malam Sabo:
Ku gafarce ni in kawo nawa, ni ba shanyewar ɓarin jiki ba ce haɗari ne ya taɓa min laka amma ba ta yanke duka ba. Na sha kwanciya ana danna ni kuma ba zan ce bai min komai ba, numfashina ya gyaru, tari ya yi ƙarfi, na fara jin cikina yana ɗaurewa in zan tashi zaune wanda da kamar ba nawa ba. Amma ƙafar hagu ba ta fara ɗagawa a tafiya ba sai da aka sa min wata 'yar na'ura mai batir, ana manna abu a ƙasan gwiwa ta waje, wani kuma a cikin takalmi a diddige, da na ɗaga diddige sai ta ba jijiyar wuta kaɗan ƙafar ta ɗago da kanta har gwiwa ta ɗan lanƙwashe. Farko abin ba daɗi kamar ana tsira maka allurai, daga baya na saba. Abin da ya fi min amfani shi ne yawan takun da na samu na yi, da taku kaɗan nake yi in tsaya saboda tsoron tuntuɓe, da na'urar kuwa sai na gaji don kaina. Yadda na fahimci abin shi ne kamar motar da batirinta ya yi sanyi, turi zai tayar da ita amma in ba a hau an tuƙa ta ba sake mutuwa za ta yi. Yanzu sanda ɗaya nake riƙewa. Malam Tijjani ka yi haƙuri da ƙanwarka, ke ma Hajiya ki yi haƙuri da yayanki, duk son Baba ne ya kawo.

Kamal ɗalibi:
Malam Sabo Allah ya ƙara sauƙi. Wannan na'urar asalinta tun 1961 ne, wani likita Liberson da abokan aikinsa suka fara haɗa ta saboda masu jan ƙafa. Jijiyar da ke zagaye kan ƙaramin ƙashin ƙwauri ake taɓawa, ita ke ɗaga tafin ƙafa, in aka ƙara ƙarfin kuma sai ta tayar da martanin janye ƙafa, irin wanda mutum ke yi in ya taka ƙaya kafin ma ya san ya taka, ƙugu da gwiwa da idon sawu duk su naɗe lokaci ɗaya. A jami'ar Aalborg ta Denmak ma sun gwada ba da wutar a tafin ƙafa daidai lokacin da diddige ke barin ƙasa, a mutum 30 masu shanyewar jiki, aka buga a 2014, kuma an ga ƙaruwa a tafiyarsu musamman waɗanda abin ya yi wa tsanani. Shi ma ƙaramin gwaji ne amma ya burge ni saboda martanin aka shigar cikin tafiyar kanta.

Akwai ma wanda ya fi ba ni mamaki, aikin Jonathan Wolpaw da Aiko Thompson a Amurka. Su koya wa mutum suke yi ya rage martanin tsokar sha-raɓarsa da kansa, ana ba jijiyar bayan gwiwa wuta yana tsaye yana kallon allon kwamfuta, in martanin ya yi ƙasa allon ya nuna masa ya ci. Zama 30 sau uku a sati. A 2013 suka buga cewa cikin masu raunin laka da aka yi wa, kashi biyu cikin uku sun iya rage shi, kuma waɗanda suka iya tafiyarsu ta ƙara sauri ta ƙara daidaita. Kenan ita ma lakar tana koyo.

Nura Fisiyo:
To ai kun dawo kan maganata ta wata ƙofar, martanin jiki abin aiki ne. Ni ban taɓa cewa a kwantar da mutum awa guda a tashi ba, duk wanda ke haka bai yi daidai ba. Yadda nake yi minti goma zuwa sha biyar na farko ne, in samu ciki da ƙugu su farka numfashi ya sauka, daga nan tashi daga kujera a zauna a tashi, sannan tafiya. Kuma Anti ki yarda da ni akwai marasa lafiyar da in kika tsayar da su kai tsaye jikin karkacewa yake yi gefe guda, ƙugu ya gudu baya, su yi ta jifa da ƙafar ta gefe, in suka maimaita haka sau dubu shi za su koya.

Anti Bilki:
A nan ne muka rabu Nura. Wannan tsoron kar ya koyi tafiya mara kyau shi ya sa a da ake zaunar da mutane wata da watanni ana jiran tafiya mai kyau wadda ba ta zuwa, tsoka tana narkewa zuciya tana rauni. Gara ya taka a karkace ina gyara masa yana takawa. Ƙungiyar masu gashin jijiya ta Amurka ta fitar da ka'ida a 2020 a kan waɗanda suka wuce wata shida kuma suna iya takawa, abin da ta fi ƙarfafawa shi ne tafiya mai sa haki, bugun zuciya ya kai kamar kashi 70 zuwa 85 na iyakarsa, kuma ta ce atisayen zaune ko tsaye cak ba ya ƙara sauri ko nisan tafiya. Amma minti sha biyar ɗinka na farko ba zan yi faɗa da shi ba matuƙar ba a taɓa lokacin takawa ba, kuma matuƙar kana aunawa.

Ummu Haidar:
Anti aunawa kamar ya? Mu a gida za mu iya?

Anti Bilki:
Sosai ma 'yata, agogon waya kawai kuke buƙata. Ku auna mita 10 a waje mai shimfiɗe ba santsi, ku bar ɗan fili kafin layin farko da bayan na ƙarshe don kar farawa da tsayawa su shiga lissafi, ya yi tafiyarsa yadda ya saba da sandarsa da takalmin da ya saba, mutum ɗaya yana gefensa na dama ɗan baya kaɗan. In ya ɗauki fiye da sakan 25 yana cikin waɗanda tafiyarsu ta cikin gida ce, daga sakan 12 da rabi zuwa sakan 25 ya fara iya fita kusa, ƙasa da haka ya shiga sahun masu zirga-zirgarsu. Na biyu ya tashi daga kujera mai hannu ya taka mita 3 ya juyo ya zauna, ku rubuta sakan nawa. Na uku in ya ƙara ƙarfi, nisan da zai yi cikin minti 6, yana da damar tsayawa ya huta agogo na tafiya. Ku riƙa yi rana ɗaya a sati lokaci ɗaya kuna rubutawa a littafi. Sai ku zauna da mai gashin ku ce masa ya ci gaba da dannawarsa a farko amma kaso mafi yawa na lokacin a tsaye, bayan sati huɗu zuwa shida ku duba littafin tare. In sakan ɗin suna raguwa nisan kuma yana ƙaruwa ba mai cewa komai, in suna nan inda suke a canza tsari. Mai gashin kirki ba zai ji haushin wannan ba, daɗi ma zai ji.

Tijjani:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ni zan riƙe littafin.

Abban Walid:
Dan Allah tambaya, na ga bidiyoyi a Facebook da YouTube ana nuna wuraren dannawar, mutum ba zai iya koya ya yi wa nasa a gida ba? Akwai maƙwabcina da ke fama.

Nura Fisiyo:
A'a Malam kar a yi daga bidiyo. Ba wurin kaɗai ba ne, akwai yadda ake ajiye kai da hannu da ƙafa, akwai inda dannawar ke fuskanta, kuma ba da ƙarfi ake yi ba, bai kamata ya yi zafi ba. Haƙarƙarin tsoho ba wuyar tsagewa musamman mai raunin ƙashi, kafaɗar da ta shanye kuma in aka kwantar da mutum a kanta ba daidai ba ciwon da zai biyo baya sai ya fi wata. In iyali za su yi sai wanda ya koya ya nuna musu a jikin mara lafiyar nasu, ya kalle su suna yi, yana dawowa yana gyarawa. Kuma ku yi hattara da masu cewa zama kaza mutum zai yar da sanda, duk wanda ya san aikin ba ya yin wannan alkawarin.

Dakta Hauwa:
In ƙara a kan na Nura. Ba a yin dannawar in akwai zazzaɓi ko wani kumburi mai zafi a jiki, ko mace mai ciki, ko ƙashi mai rauni sosai, mai ciwon zuciya kuma sai likitansa ya amince. Na'urar wutar da Malam Sabo ya faɗa ba a sa wa mai batirin zuciya ko mai farfaɗiyar da ba ta lafa ba sai da izinin likita, ba a manna ta a kan rauni, kuma ba ta aiki in jijiyar ƙafar ce da kanta ta mutu, sai in matsalar daga sama take. Wanda bai samu na'urar ba akwai abin tallafe ƙafa na roba da ake sawa cikin takalmi, gwaje-gwajen da suka haɗa su biyun sun nuna kusan daidai suke wajen ƙara saurin tafiya, dan haka Ummu Haidar ku tambayi wannan tun yanzu saboda kartar yatsun nan ita ke kayar da mutane. Masu raunin laka daga tsakiyar ƙirji zuwa sama kuma, in ana cikin gashi kai ya sara musu lokaci ɗaya fuska ta yi ja gumi ya keto, a tsaya nan take a zaunar da su a sassauta kaya a duba robar fitsari, jini ne ya hau kuma yana da haɗari.

Tafiya mai sa hakin da Anti ta ce, ga Baba sai an auna jininsa likita ya duba zuciyarsa kafin a fara matsawa, in yana da suga a tabbatar ya ci abinci. Ma'aunin gida mai sauƙi shi ne yana haki amma yana iya amsa magana a gajarce. Ciwon ƙirji, jiri, ko baki ya sake karkacewa, a tsaya a tafi asibiti. Maganin hawan jini da na hana daskarewar jini kuma kar a bari ya yanke ko na kwana ɗaya.

Ummu Haidar:
Na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri. Dakta saura abu ɗaya, sandar a wane hannu ya kamata ya riƙe, shi yana ta ƙoƙarin riƙewa da na daman wai don ya motsa shi.

Dakta Hauwa:
A hagu, hannun lafiyayye, sandar ta riƙa tafiya tare da ƙafar dama. Tsayinta ya zo daidai wuyan hannunsa in ya tsaya ya saki hannu ƙasa, kuma ku duba robar gindinta in ta cinye a canza. Hannun daman a ba shi nasa atisayen daban yana zaune a gaban tebur.